Shafin neman aiki na gwamnatin Birtaniya: na ga tsohon, na ga sabon

Sau biyu aiki yana kuɓuce mini tun zuwana Ingila. Na farko a ƙarshen 2013 ne, da aka rufe siton kayan da nake lodi a cikinsa, na biyun kuma a 2023. Duka biyun sai da na bi ta shafin neman aiki na gwamnati, shi ya sa da wani ɗan'uwa ya tare ni bayan sallar Juma'a yana cewa, "Malam, wai shafin nan ana samun aiki ko ɓata lokaci ne?" na ga amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci.

A 2013 sunan shafin Universal Jobmatch. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ce ta buɗe shi a Nuwamban 2012, lokacin Iain Duncan Smith yana minista, kamfanin Monster kuma shi ya samu kwangilar gina shi. Tsarin a takarda babu laifi: ka saka takardar bayanin karatunka da ayyukan da ka taɓa yi, ka rubuta irin aikin da kake so da nisan da za ka iya zuwa, kwamfuta ta haɗa ka da masu neman ma'aikata. Kyauta ne, dare da rana. Wanda ya taɓa yawo da fayil a hammata daga ofis zuwa ofis a Kano ko Kaduna, ranar farko sai ya ce an kawo ƙarshen wahala.

Shiga ciki kuwa sai da lamba mai alƙaluma 12. Ni da ko lambar wayar maiɗakina ban haddace ba, sai na rubuta tawa a bayan tikitin bas na cusa a walat. Ba mu da kwamfuta a gida a lokacin, don haka ɗakin karatu na unguwa nake zuwa, inda ake ba mutum awa guda. Ka zauna, ka warware tikitin da ya fara yagewa, ka buga lambar, na bayanka yana tsaye yana duba agogo. Wata rana ruwan sama ya jiƙa walat ɗin, alƙaluma biyu suka narke, na ɓata rabin awata ina canki-canka tsakanin 3 da 8. Wannan dai sakacina ne.

Abin da ya bambanta shafin da sauran shafukan neman aiki shi ne igiyar da ta ɗaure shi da kuɗin tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki. Mai shekara 25 zuwa sama yana karɓar fam 71.70 a mako a wancan lokacin, yana zuwa sa hannu duk bayan mako biyu, yana nuna shaidar cewa ya nemi aiki. Daga Maris ɗin 2013 jami'i yana da ikon umartar mutum ya yi rajista a shafin, in ya ƙi a dakatar masa da kuɗi. Dakatarwar kuma ba wasa ba ce, a lokacin ƙaramarta mako 4, babbarta shekara 3 cur. Akwai wani ɗan akwati da za ka latsa in ka yarda jami'ai su riƙa leƙa abin da kake yi a ciki. A ƙa'ida ganin dama ne. Amma mutumin da cefanen gidansa ke hannun wani, ina shi ina ganin dama? Na latsa.

Daga nan na koyi wata mummunar sana'a, wato neman aiki don a gani. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya. Akwai ranar da na tura takardata ga aiki goma sha ɗaya, cikinsu har da na akanta, ni da lissafina bai wuce na lodi ba. Ban nema don ina sa rai ba, na nema ne don shafin ya cika. Jami'ar da ke duba ni mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta ma taɓa gyara mini rubutun takardata da bironta. Tsoron daga ni yake fitowa. Na kusa da ni a ɗakin karatu shi ma abin da yake yi ke nan, har muka saba muna yi wa juna murmushin ɓarayi biyu da suka haɗu a rumbu ɗaya. To ka auna mai ƙaramin shago da ya saka tallan neman mutum guda, ya wayi gari da tulin takardun irinmu. Da wane ido zai tsinto mai son aikin da gaske?

Sau ɗaya na kusa faɗawa rami. Wani dillalin aiki, ba zan kama suna ba, ya kira ni kwana biyu bayan na amsa tallansa na aikin gadi. Muryarsa kamar ta limami. Ya ce an ɗauke ni, saura in turo hoton fasfona da kuɗin binciken ko na taɓa aikata laifi, in fara Litinin. Har na ɗauko katin banki maiɗakina ta riƙe mini hannu.

"Baban yara, wane irin aiki ne ake ɗaukar mutum ba a ga fuskarsa ba?"

Na ce ai a shafin gwamnati na gani. Ta ce to in je in ga ofishin da idona, kuɗin bas bai kai abin da zan tura ba. Na je. Adireshin shagon aski ne, mai askin bai taɓa jin sunan kamfanin ba, ya ce ni ne na uku da ya zo tambaya a makon. Har yau in gardama ta haɗa mu sai ta ce, "A shafin gwamnati ka gani?"

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Tun makonnin farko da buɗe shafin jaridu suka yi ta dariyar wani tallan bogi da ya samu shiga, na neman ɗan leƙen asiri mai kawar da mutane. Gidan talabijin na Channel 4 ya nuna yadda ake iya saka tallan ƙarya a tattara bayanan sirrin masu neman aiki. Wanda ya kai zancen inda ba za a iya kawar da kai ba shi ne Frank Field, ɗan majalisa mai wakiltar Birkenhead, na jam'iyyar Labour a lokacin. A Maris ɗin 2014 ya buƙaci ofishin binciken kuɗin gwamnati ya duba shafin, aka kuma ji cewa tallace-tallace fiye da 300,000 ake zargin sun saɓa ƙa'ida: wasu maimaici, wasu kwafe daga wasu shafuka, wasu babu aikin ma sam. A watan ne jaridar Guardian ta ruwaito cewa ma'aikatar na shirin jingine shafin. Bai mutu ba sai 2018.

Ina tuna watan sosai saboda wani dalili. Ranar 15 ga Maris ɗin 2014 ce aka yi turmutsutsun jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice a Najeriya, inda matasa suka biya naira 1,000 ta intanet, suka cika filayen wasa, aƙalla mutum 16 suka rasu. Ina sauraren labarin a waya, a gabana kuma ga shafin Turawa ana cece-kuce a kansa. Ban haɗa girman musibun biyu ba, Allah Ya kiyaye. Na dai lura cewa a can da nan marar aiki ne abu mafi sauƙin tarawa a layi.

Ra'ayina game da binciken 'yan siyasar shi ne sun yi ƙoƙari, amma sun fi ba da ƙarfi a inda ake iya ƙirgawa. Tallan bogi nawa, kwangilar fam nawa, wa ya sa hannu. Wannan yana da daɗin faɗa a zauren majalisa. Tallan bogi kuwa akwai shi a kowane shafi na duniya. Abin da ya sa na nan ya fi cutarwa shi ne an tura masa mutanen da ba su da ikon cewa a'a, ga kuma tambarin gwamnati a sama yana kwantar musu da hankali. Mai neman aiki a shafin 'yan kasuwa in ya ga abin da bai kwanta masa ba sai ya wuce. Mu muna tsoron wucewa. Sai daga baya hankali ya koma kan ita dakatarwar: kwamitin majalisa mai kula da ayyuka da fansho ya nemi a yi mata cikakken bita a 2015, ofishin binciken kuɗi ya ce a 2016 ba bai ɗaya ake zartar da ita ba daga wuri zuwa wuri, sannan a 2019 ministar ma'aikatar a lokacin, Amber Rudd, ta soke dakatarwar shekara ukun.

Kada in ci amanar tsohon shafin, ta cikinsa na samu aiki. Na dare ne, a wani sito, ta hannun dillali na gaskiya wanda ya ce in zo da fasfona a hannu, bai kuma karɓi ko kwabo ba. Wata biyar na yi ina nema.

Sabon, mai suna Find a job, ya fara a Mayun 2018 a hannun kamfanin Adzuna. Da na koma a 2023 na tarar da abu mai sauƙin kai. Imel da kalmar sirri kawai, yana buɗewa a waya ba tare da jan ƙafa ba, kana iya duba ayyuka ko ba ka yi rajista ba, ka kuma sa ya riƙa turo maka sababbin tallace-tallace. Ba ya cika baki cewa zai zaɓa maka aiki. Allon talla ne, ya tsaya a matsayinsa, ni kuma hakan ya fi mini. Ga mai neman aikin sito, kula da tsofaffi, shara, tuƙi ko girki, ya cancanci a leƙa kullum. Mai babban digiri ya haɗa da wasu hanyoyin. Shaidar neman aiki dai har yanzu ana kai ta, sai dai yanzu ni nake rubuta abin da na yi a littafin tallafina, shi ya sa a wannan karon ban nemi aikin akanta ko sau ɗaya ba.

Ɗan'uwan da ya tambaye ni ya yi rajista a wayarsa muna tsaye. Na ce masa duk wanda ya nemi kuɗi ko hoton fasfo kafin ya gan shi ido da ido, ya kashe wayar, in kuma yana shakka ya tambayi matarsa. Ya ce ba shi da aure tukuna. Na ba shi lambar gidanmu.