Raku ko Hagi: wane kwanon matcha za ki fara saya?

Hajiya, kin ce an kawo miki garin matcha, wato garin koren shayin Japan, tsaraba, kin samu maburgin gora da ake kaɗa shi, saura kwano. Kin ga iri biyu na ginin hannu, Raku da Hagi, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba, kina neman wanda ya fi. Ina da duka biyun, shekara huɗu ke nan ina sha da su. Shawarata ki fara da Hagi. Ga dalilaina, da kuma inda Raku ya sha gabansa, don ba zan tauye masa haƙƙi ba.

Masu harkar shayi a Japan suna da wata tsohuwar magana: a kwanonin shayi Raku na ɗaya, Hagi na biyu, wani irin da ake kira Karatsu na uku. Idan kika ji haka sai ki ce magana ta ƙare. Amma wannan jeri na ɗakin shayi ne, inda ake zama a ƙasa, a ɗauki kwano da hannu biyu, a ajiye shi kan tabarma a hankali. Ba a yi shi da kicin mai tayil da yara masu kai da kawo ba.

Raku ɗan birnin Kiyoto ne. A ƙarshen ƙarni na 16 wani magini mai suna Chojiro ya fara yin sa domin Sen no Rikyu, babban malamin shayi da ya rasu a 1591. Ba a ɗora shi kan faifai mai juyawa. Da tafin hannu ake matsa yumɓun har ya tashi, in ya sha iska a bi shi da ƙarfe ana kankarewa. Baƙin Raku ɗaya bayan ɗaya ake gasa shi a ƙaramin murhu na gawayi, ana hura wutar da zugazugi kamar a maƙera, sannan a zaro shi da awartaki yana jajir. Shi ya sa sau da yawa za ki ga tabon awartakin a jikinsa, kuma ba aibi ba ne. Gidan Chojiro na nan har yau, magaji na 16 ya gaji gidan a 2019. Sai dai ki sani, kwanon da ya fito daga wannan gida kuɗinsa ba na wasa ba ne. Wanda kika gani a farashin da ya yi kusa da na Hagi aikin wasu magina ne da ke bin salon, kuma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Nawa ma irinsu ne.

Hagi kuwa sunan gari ne a lardin Yamaguchi, bakin teku. Asalinsa magina ne 'yan Koriya da aka kwaso lokacin yaƙe-yaƙen da Hideyoshi, mai mulkin Japan a wancan zamani, ya kai Koriya daga 1592 zuwa 1598, suka kafa matoya a farkon shekarun 1600 ƙarƙashin gidan sarautar Mori. Shi a kan faifai ake juya shi, a gasa da yawa lokaci guda. Launinsa yakan kasance kamar madarar da aka ɗiga wa shayi, wani kuma fari mai kauri wanda ake samu daga tokar karan shinkafa. Idan kika kife shi, wani za ki ga an yanke ɗan gefen gindinsa da gangan.

A hannu, Raku ya fi. Wannan ba na jayayya a kai. Ba shi da nauyi, jikinsa da taushi, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri: ki zuba ruwan zafi ki rungume shi da tafukanki, ɗumi kawai za ki ji, shayin kuma ya daɗe bai huce ba. Ga koren matcha a cikin baƙin kwano, abin kallo ne. Bangonsa a miƙe yake, cikinsa da faɗi, maburgi yana samun filin yawo, ruwa ba ya fantsama. Hagi ya fi nauyi kaɗan, kuma da yawa daga cikinsu bakinsu a buɗe, gindin a tsuke, irin ƙirar kwanon shinkafar Koriya. In za ki zaɓa, nemi mai faɗin ciki, kamar santimita 12 ko 13 a baki, don giram 2 na gari da ruwa mililita 70 su samu wurin yin kumfa.

Wajen ƙarko ne labarin ya juya. Raku bai daɗe a wuta ba, yumɓunsa bai haɗe sosai ba, in kika ƙwanƙwasa shi ba ya amo. Nawa bakin famfo kawai ya taɓa, leɓensa ya ɓare, har yau ina jin zafin abin. Hagi ma ba tangaran ba ne, shi ma yana shan ruwa kamar randa, amma ya fi jure hidimar kullum. Kuma yana da wata baiwa da ta sa nake ƙaunarsa. Ƙyallin jikinsa cike yake da 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi. Shayi yana shiga cikinsu sannu a hankali, launin kwanon yana sauyawa da shekaru, har Japanawa suna cewa Hagi sau bakwai yake rikiɗa. Nawa da na saya fari ne sol, yanzu cikinsa ya yi zane-zane ruwan ƙasa kamar jijiyar ganye. Mai shan matcha kowace safiya shi ne zai ga wannan, kuma ke kin ce kullum za ki sha.

Sabon Hagi yakan yi tsattsafo ta gindi, kada ki ɗauka an cuce ki. Nawa ya jiƙa faranti kwana biyun farko. Ki zuba masa ruwan dafaffiyar shinkafa mai ɗan kauri, ki bar shi ya wuni, ki ɗauraye, ki shanya. Sitacin ne ke toshe ƙofofin.

Ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Kalmar raku tana kan abubuwa biyu daban. A Amurka, tun shekarun 1960, magina suka ɗauki sunan suka yi nasu salon: a zaro tukunya daga wuta a jefa cikin garin katako ko takarda, ta fito da ƙyallin tagulla da launuka masu walƙiya. Wannan na ado ne, ba a ci ko sha a ciki. In kwanon da aka nuna miki yana sheƙi kamar wuyan tattabara, bar shi. Na Japan ɗin ma, ƙyallinsa na gargajiya yana da dalma a ciki. Magina da yawa yanzu sun daina sa ta, amma ki tambayi mai sayarwa ƙarara, kuma ko ya ce babu, kada ki zuba lemun tsami, zoɓo ko tsamiya a ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma wasa da wannan. Hagi da wuta mai ƙarfi ake gasa shi, ƙyallinsa na toka da dutse ne, hankali ya fi kwanciya.

 

Kulawar Raku da Hagi iri ɗaya ce. Kafin ki zuba gari, ɗumama kwanon da ruwan zafi ki goge, ki jiƙa bakin maburgin a ciki don kada ya karye. Ruwan haɗawa ya sauka daga tafasa zuwa kamar digiri 80. Bayan sha, ruwan ɗumi da hannu sun isa. Sabulu da soson ƙarfe ba nasu ba ne, domin ƙamshin sabulun zai zauna a yumɓun ya dawo miki cikin shayi. Kada ki ajiye su kusa da daddawa ko turaren wuta, su ma za su sha. Da hunturu kwana ɗaya ya ishe su bushewa. Da damina ki ba Hagi kwana biyu, Raku har huɗu ko biyar, a inuwa mai iska, kafin ki mayar cikin akwati, in ba haka ba fumfuna za ta kama gindin.

In kin shekara kina sha, hannunki ya saba, kika fara sha'awar matcha mai kauri wanda ake damawa da giram 4 da ruwa kaɗan, lokacin ki nemi baƙin Raku, ki ware masa wurinsa nesa da famfo.