Na yi sautun man shanu da daddawa daga Kano, ga abin da ya iso min Legas

Duk matar Arewa da aure ya kawo ta Legas ta san wahalar kayan miya. Ba wai babu ba ne, akwai a Agege, akwai a Mile 12, Idi-Araba ma ana samu. Sai dai kukar da za ki samu sau da yawa ta kwana biyu a buhu, ta koɗe, ki kaɗa miya ta tsinke kafin ki gama kwashe tuwo. Daddawa kuwa ba a magana. Iru ɗin Yarabawa shi ma da kalwa ake yin sa, ban raina shi ba, a miyar ganye yana da nasa daɗin, amma jiƙaƙƙe ne, 'ya'ya-'ya'ya, ba ya ba miyar kuka ƙamshin nan da muka tashi da shi. Shi ya sa da na ga matan wani zaurenmu na WhatsApp suna ta yabon wata baiwar Allah mai aiko da kayan miya daga Kano, ban yi wata-wata ba na yi mata magana. A tallanta ta rubuta cewa komai na gida ne, man shanun ma da hannunta take soyawa.

Na ce ta haɗa min kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, da man shanu kwalba 2. Farashi kun san shi, ba sai na faɗa ba. Kuɗin mota ne ya fi ci min rai, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobi suka samu abin faɗa, ɗan kwali ɗaya sai a caje ki kuɗin da zai yi miki cefanen kwana biyu. Na dai tura.

Gaskiya wajen aike ba ta da matsala. Ranar da ta ce za ta kai tasha ta kai, ta turo min lambar direba da hoton kwalin. Kowane abu da ledarsa, kwalaben an naɗe bakinsu da salatif, tafiyar kusan kilomita 1,000 amma ko ɗigo bai zuba ba. Daga baya ne na gane dalilin da ya sa bai zuba ba, za mu zo wurin.

Daddawar ce ta fara sace min zuciya. Ina kwance ledar gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har maigidan ya leƙo kicin yana cewa yau kuma garinsu aka kawo masa. Baƙa ce wuluk, an faɗaɗa ta fale-fale, ta bushe sosai, in kin karya sai ta ce ƙas. Ta kalwa ce zalla. Wanda ya saba ya san bambancinta da ta waken suya da ta cika kasuwa yanzu, wadda launinta ja-ja ne, warinta ya fi ƙamshinta yawa, kuma da miya ta tafasa shi ke nan ta ɓace. Ni ban cika ganin laifin masu yin ta waken suya ba, don na ga kakata tana yin ta kalwa, na san aiki ne ja. A ɓare ɗorawa a raba garin da ƙwallon, a wuni ana dafa kalwar itace na ci, a surfa a fitar da ɓawon, a wanke, a sake mayarwa wuta, sannan a rufe ta a kwando kwana 2 zuwa 3 har ta ruɓa yadda ake so, kafin a zo ga kirɓawa da shanya. Wa zai yi wannan a sayar miki da arha? To wannan dai an yi mata aikin. Rabin ɗaya na daka da barkono da citta na zuba a miyar kuɓewa, magi ɗaya tak na jefa maimakon ukun da na saba, yaran da kullum sai an yi dambe kafin su ci tuwo suka nemi ƙari. Da a daren nan aka tambaye ni, cewa zan yi ku saya ido rufe.

Man shanun ban buɗe shi ba, na ajiye saboda surukata da za ta zo daga Zariya ganin jikoki. Hajiya ba ta cin shinkafa da dare, ko me aka dafa sai an tuƙa mata tuwo, kuma tuwonta ba ya tafiya sai da man shanu. Ta taho da garin dawarta a buhu. Na ce yau zan fita kunya. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka da busasshen kifi da daddawar nan, sannan na ɗauko kwalba.

Ina kwance salatif ƙamshin albasa ya bugi hancina, mai ƙarfi ƙwarai, har ya danne ƙamshin man. Launinsa fari-fari ne, ba rawayan nan mai haske ba. Sannan a daskare yake tam, na juya kwalbar ƙasa ko motsi bai yi ba. A Kano ko Zariya lokacin hunturu wannan ba abin mamaki ba ne, amma a zafin Legas man shanu rabinsa a narke yake zama, sama ruwa-ruwa, ƙasa tsaki-tsaki. Sai da na tsoma kwalbar a ruwan zafi kafin ya yarda ya sauko. Na zuba cokali biyu a kan miyar, na kai mata, na durƙusa na ce a ci lafiya, na fito.

Ko zama ban yi ba ta aiko yarinya ta kira ni. Na same ta ta ture kwanon gefe, tana ta goga harshe a ganɗarta.

"'Yar nan, samo min ruwan ɗumi. Wa ya sayar miki da kitse?"

Na ce, "Hajiya, man shanu ne, daga Kano aka aiko min."

"Daga Kano dai aka aiko, amma wannan bai taɓa ganin nono ba. Duba bakin kwanon."

Na duba. Duk inda miyar ta fara hucewa wani farin abu ya kwanta ya yi ɓawo a gefen kwanon, har a jikin cokalin. Na ɗanɗana, sai na ji baki na ya yi kamar na tauna kyandir, leɓe na mannewa, ganɗa ta yi kauri. Hajiya ta sa aka kawo kwalbar, ta lakato kaɗan daga wanda bai narke ba ta ɗora a bayan hannuna, ta ce in jira. Man shanu na gaske zafin jikin mutum ya ishe shi narkewa, kina ɗorawa zai fara malala ya shige fata. Kitsen saniya kuwa sai da zafin da ya fi na jiki, shi ya sa yake daskarewa a baki. Wannan na tsaya ina kallonsa yana kallona. Da na murza sai ya yi dunƙule-dunƙule. Akwai ɗan man shanu a ciki, ba zan yi mata ƙarya ba, ana jin alamarsa can ƙasa, amma an narka kitse an cika kwalba, aka antaya albasa don ta rufa asiri. Dama ta ina zai zuba a mota.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi in akwai sauran miya a tukunya a zubo mata haka nan gaya. Ta cinye tuwonta babu mai, a gidan ɗanta, a darenta na farko. Maigidan bai ce uffan ba, amma na ga kallon da ya yi wa kwalbar, shi da ya biya kuɗin. Da arha na saya sai in ce araha ba ta ado. To ba arha ba ce, kuɗin man shanu cikakke na biya.

Da safe na ɗauki hoton kwanon na tura wa mai kayan, cikin mutunci, na ce mata ga abin da na gani. Amsar farko: "Wallahi Anti ni ma sara nake a hannun Fulani." Wannan maganar ta fi kitsen ɓata min rai. Ke da kika rubuta da hannunki kike soyawa? Kuma a daina ɗora wa matan Fulani abin da ba su yi ba. Ɗanyen mai suke kawowa, curi-curi fari yana yawo a kan nono cikin ƙwarya, kina gani da idonki, kina iya lakata ki ɗanɗana kafin ki biya. Haɗin a tukunyar suya ake yin sa. Na san da rani shanu ba su da nono, mai yana wuya yana tsada, sai damina ta sauka ciyawa ta fito yake wadata. To sai ki ce min babu, ko ki ce ga sabon kuɗinsa, in na iya in saya. Na faɗa mata haka. Sai ta turo saƙon murya mai tsawo, wai in sake soya shi da albasa da kanumfari zai gyaru, kuma ita tunda take sana'a babu wadda ta taɓa kawo mata ƙorafi. Kafin azahar na ga ta ɗora a status wai mai arziki ba ya rasa mahassada. Ni da na tura miki kuɗi daga Legas, hassadar me zan yi miki?

Daga nan ne na koma na duba sauran kayan da idon basira, abubuwan da daɗin daddawa ya sa na kau da kai suka dawo min. Yajin kuwa gishiri da magi ne suka fi yawa a ciki, barkonon leƙe kawai ya yi, citta da masoro kuwa sai dai a suna. Kukar kore ce shar, alamar a inuwa aka shanya ta, wannan na yaba, amma ba a tankaɗe ta da kyau ba, sai da na sake bi da rariya na fitar da kusan cikin tafi na sanduna da jijiyoyin ganye. Kuɓewar ba ni da abin cewa, tana da yauƙi.

Abin haushi abin dariya, ranar da Hajiya za ta koma ita da bakinta ta ce in ɗebar mata daddawar nan, wai rabonta da irinta tun ana yi a gidansu. Daddawar Kano ta zo Legas ta sake hawa mota zuwa Zariya. Ta kwashe fiye da rabi, ni kuma ban isa in ce a'a ba.

Kwalbar da na buɗe na ƙarar da ita a dafa-duka, in da zafi aka ci babu laifi, in ta huce sai a hankali. Ta biyun na ce a dawo min da kuɗinta, aka ce ba a mayar da kuɗi, sai dai a rage min wani abu a saye na gaba. Yanzu daddawata ta kusa ƙarewa, na sauke girman kai na tambaye ta ko za ta aiko min da ita kaɗai, ta ce ba ta kai ƙaramin kaya tasha, sai dai in haɗa da wani abu, kuma wai sabon man shanu ya iso. Ban ba ta amsa ba tukuna. In akwai mai tahowa daga Kano ko Zariya cikin watan nan, don Allah ta yi min magana, zan sa ƙanwata ta sayi ɗanyen a hannun Fulani ta soya min da kanta a gida.