Bakaniken da ya tayar min da Suzuki A100 ɗin Baba

Duk mai tsohon mashin a jingine a zaure, don Allah kar ya bari yaran gareji su ce masa a cire inji a ɗora na Jincheng. A nan gefen Taura akwai wani dattijon bakanike da ke zama ƙarƙashin darbejiya kusa da tasha, shi na kai wa Suzuki A100 ɗin marigayi Baba da ta yi shekaru bayan buhunan gero ba wanda ya taɓa ta, kuma wallahi aikinsa ya cancanci a faɗa.

Abin da ya fara burge ni, bai taka kik ba. Ya ce min "ɗana, injin da ya daɗe a kwance in ka matsa masa ringi za ka karya." Fulogi ya kwance, ya ɗiga baƙin mai ta ramin, ya bar shi ya jiƙa, sannan ya riƙa juya injin da hannu a hankali har fistin ya saki. Tankin kuwa tsatsa ce zalla, tsohon fetur ya daskare kamar ƙaro, sai ya zuba ƙananan notina da kananzir ya yi ta girgizawa yana zubarwa har abin da ke fita ya yi fes. Kafiretar A100 a cikin murfin inji take ta gefen dama, ba a bayan bulo ba irin na Boxer, yaron shagon ma sai da ya tsaya nema, shi ko Malam yana kwancewa yana hira. Zanzaro ya yi gini a cikin salansa ya toshe ta, ɓera ya cinye wayarin da soson kujera.

Inda na ƙara yarda da shi shi ne maganar mai. Mashin ɗin tu-sitirok ne mai 98cc, wato irin mai ƙona man inji tare da fetur, man inji tankinsa daban, famfo ne ke tura shi, kuma in famfon ya tsaya ba ka sani ba injin zai kama kana tsakiyar tafiya. To bai yarda da famfon haka kawai ba, ya gauraya ɗan mai a cikin fetur tukuna, ya fitar da iskar da ke cikin tiyo, ya tsaya yana kallo har ya ga man na tafiya. Wutar ma bolt 6 ce ba 12 ba, ya hana ni sayen kwan fitilar mashinan yanzu.

Sai dai fa sai ka yi haƙuri, ba ya sauri ko kaɗan, ranar Lahadi kuwa kar ka wahalar da kanka don yana kasuwar Gujungu. Kayan gyara kai za ka nemo, ni sai da na shiga Kano Ƙofar Ruwa da tsofaffin oyil sil da ringi a leda ina gwadawa kafin na samu daidai. Taya da tib duk sun tsattsage, sababbi muka sa, birki ma haka. Fenti kuma ba fanninsa ba ne, jan da ya fesa a murfin gefe bai zo ɗaya da na tanki ba, wannan ya ɗan sosa min rai gaskiya.

Kuɗin hannunsa bai tsawwala ba, kuma duk abin da ya cire sai ya ƙulle maka a leda ya miƙo maka ka gani. Yanzu da ita nake zuwa gona har Ringim, kik ɗaya ko biyu ta tashi. Mai Yamaha YB100 ko Honda Benly ma ya kai masa, na ga yana taɓa su, amma fenti a kai wa mai fenti.