Littafin Stetina ko bidiyon Grady: amsa ga ƙanenmu na Bukoki

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama. Ka ce shekara huɗu ke nan kana kaɗa jita, har kana bin wata ƙungiya zuwa gidajen biki a nan Yamai, yanzu kuma zuciyarka ta koma ga metal, kiɗan nan na jitar wuta mai nauyi da gudu. Matsalarka ita ce gudu: a kan tsirkiya ɗaya hannunka yana tafiya, amma da zarar za ka tsallaka zuwa ta kusa da ita sai mediyato, ɗan abin da ake buga tsirkiya da shi, ya sarƙe, metronom kuwa, na'urar da ke ƙirga lokacin kiɗa, ya ƙi wuce bugu 120 a minti. Kuɗinka ba su kai ka yi duka biyu ba, shi ne kake tambaya: a sayo maka littafin Speed Mechanics for Lead Guitar na Troy Stetina, ko ka zuba kuɗin a mega ka bi darussan Troy Grady da ake kira Cracking the Code? Na yi aiki da kowanne na dogon lokaci, kuma ciwon da kowanne yake warkarwa daban ne.

Littafin Stetina, wanda kamfanin Hal Leonard na Amurka ya buga, rumbun atisaye ne, sun haura 200. Yana farawa da hannun hagu, ya zo ga bugun sama da ƙasa, ya shiga lissafin lokaci, har ya kai ga yadda za ka ƙirƙiri naka. Babban alherinsa shi ne tsari. Ka buɗe shafi, ka san aikin yau, ka san na gobe. Ba ya cin mega, ba ruwansa da ɗaukewar kuran, kuma ko Turancin Ingilishi bai zauna maka ba, lambobin tablatir ba su da yare: layi shida, tsirkiya shida, lamba ta gaya maka inda za ka danna. Ga wanda ya yi lakkwal da Faransanci wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai takarda tana da iyaka. Za ta nuna maka wane sauti za ka buga, ta sa alamar ƙasa ko sama a kansa, amma ba za ta iya nuna maka hanyar da bakin mediyato yake bi a cikin iska tsakanin bugu da bugu ba. Kai kuwa a nan ciwonka yake.

Grady ya ɗaura kyamara a wuyan jita, tana kallon hannun dama daga kusa, ya ɗauki manyan makaɗa, sannan ya rage gudun hoton har ido ya iya bi. Abin da ya fito da shi, in ka gane shi sau ɗaya, ba ka mantawa. Tsirkiyoyi shida a jere suke. In mediyato yana tafiya daidai da shimfiɗarsu, kowane bugu yana ƙarewa ne a cikin rami tsakanin tsirkiya biyu, kuma kafin ka koma wata dole ka ɗaga hannu ka yi ɗan tsalle. Wannan tsallen shi ke cinye gudu, shi ke sa gaɓar hannu ta ƙage. Masu gudun gaske a karkace suke bugawa: bugu ɗaya yana nutsewa cikin tsirkiyoyi, ɗayan yana fitowa sarari. Yngwie Malmsteen, alal misali, bugunsa na sama ne yake fita, saboda haka yana sauya tsirkiya bayan bugun sama, kuma ya tsara jimlolinsa su dace da hakan. Inda lissafi bai fita ba sai ya cike da yatsan hagu ko ya share tsirkiya biyu da bugu guda. Wasu kuma, irin su John McLaughlin, bugunsu na ƙasa ne yake fita. To ka ga, atisaye ɗaya a littafi zai iya zama ruwan sha ga wani, ya zama dutse ga wani, alhali dukansu suna da ƙwazo. Gani ya kori ji, kuma a wannan fanni na hannun dama bidiyo ya yi wa littafi nisa.

Akwai wurin da hanyoyin biyu suka yi hannun riga, kuma ya kamata ka san shi tun yanzu. Tsohuwar koyarwa ita ce sannu ba ta hana zuwa: ka fara a hankali da metronom, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Grady yana cewa ka fara gwada gudu tukuna, a kan sauti ɗaya tak, ko da bai fita da tsabta ba, don a hankali kowane irin motsi yana aiki, har da marar kyau, sai an yi sauri ake gane wanda zai kai ka. Ni na ga gaskiyar wannan a hannuna. Na daɗe ina ƙara metronom a kan motsin tsalle, ina isa wuri guda ina tsayawa, har gaɓar hannuna ta fara zafi da dare. Da na sauya motsin, sai atisayen littafin nan da na riga na haddace suka fara buɗewa. Sannu tana da amfani ƙwarai, amma bayan ka tabbata hanyar da ka hau tana zuwa garin.

Aibin Grady shi ma a fili yake. Magana ta yi yawa, da Ingilishi mai sauri, fassarar Faransanci da YouTube ke yi da kanta kuma takan ɓata kalmomin sana'a. Sunayen motsi sun yi yawa, har mutum ya wayi gari ya iya bayanin hannun kowa amma bai kaɗa komai ba tun safe. Cikakkun darussan shafinsa na kuɗi ne, ana biya da dala ta katin banki, abin da ba kowa ke da shi a nan ba. Amma abin da kake bukata don gane ciwonka yana cikin waɗanda ya saka kyauta.

Ga wani abu da ba za ka ji daga bakin ɗayansu ba, don ba su san inda ka fito ba. Wanda ya tashi da kiɗan jita na ƙasar nan, irin na su Bombino ɗan Agadez da Mdou Moctar ɗan jihar Tahoua, hannunsa na hagu ya riga ya sha aiki. Salon nan cike yake da sara da fizgar tsirkiya da yatsun hagu, abin da ƴan metal ke kira legato suna wahalar koyo. Da yawa kuma da yatsa suke bugawa, ba da mediyato ba. Saboda haka ina kyautata zaton hagunka ta girmi damarka da shekaru. Farkon littafin Stetina zai zo maka da sauƙi har ka ɗauka ka wuce wurin, sannan ka zo ka ci karo da bangon da ka baro.

Tsofaffin bidiyon nan biyu da kowa ke ambata, Intense Rock na Paul Gilbert na 1988 da Rock Discipline na John Petrucci na 1995, suna tsakiya: za ka ga hannu, amma daga nesa. Ka ɗauki ɗumama hannu daga Petrucci, kada ka raina shi. Daga Gilbert ka ɗauki ƴar jimlar nan tasa, sauti uku a tsirkiya ɗaya, guda a ta kusa, ka dawo. Ita kaɗai ta isa ta tona asirin tsallakenka.

Kuma kada son solo, inda jita ɗaya ke fitowa gaba ita kaɗai, ya sa ka manta cewa yawancin metal rakiya ce. Bugun ƙasa zalla na James Hetfield, makaɗin ƙungiyar Metallica, a waƙar Master of Puppets, ta 1986, yana gudu sama da 200 a metronom, da gefen tafin hannu a danne kan tsirkiya. Wannan ƙarfin ba ya zuwa daga kallo. Stetina yana da wani littafin daban a kan rakiya, Metal Rhythm Guitar, in Allah ya hore nan gaba.

Shawarata ke nan. Kada ka taɓa kuɗin littafin. Ka sayi mega kaɗan, ko ka je inda akwai wifi, ka sauke bidiyon Grady na kyauta waɗanda suka yi magana a kan karkata mediyato, ka ba su mako biyu, kada ka wuce haka. A cikin makon biyun ka jingina salularka a kan guiwa ko ka ba wani ya riƙe maka, kyamara tana kallon hannun dama daga wajen ƙarshen wuyan jita, ka buga sauti ɗaya da iyakar gudunka, ka kalla a hankali. Ka duba wane bugu ne yake fita sarari, na sama ko na ƙasa. Daga nan ka sa a kawo littafin, ka bi shi da fensir, kana sa alama a kan atisayen da suka dace da hannunka, ka fara da su, sauran su biyo baya.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Lokacin zafi, in kuran ya ɗauke, za ka so ka yi ta atisaye da jita ba ampili, wato na'urar ƙara sauti. Ka yi, amma kada ka yarda da abin da kunnenka ya ji a lokacin, don jita marar wuta tana ɓoye ƙazanta. Sai ka kunna distoshon, wato kaurin sautin nan na metal, za ka ji tsirkiyoyin da ba ka taɓa ba suna kuka. In ka samu ɗan ƙaramin ampili mai batir da ake sa wa abin kunne, ya fi maka sabon fedal, na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa, amfani. In kuma ka ɗauki hoton hannun naka, ka turo mini, ko mu haɗu wajen cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya ranar Asabar da la'asar in duba da idona. Ka zo da mediyato mai kauri, milimita ɗaya ko fiye, siririn nan na rakiyar biki yana lanƙwashewa kafin tsirkiya ta amsa.