Zama shida da mai sauraron damuwa: yadda na ga wurin

Da na yi arba'in na dawo ɗakina, kowa sai cewa yake jego ya karɓe ni. Ni kaɗai na san abin da ke cina. Jaririya ta yi barci, ni idona biyu har kiran assalatu. In ta yi kuka da rana sai in taya ta. Tuwo ba ya wucewa, kunun kanwar da na sha kamar me a haihuwar fari ko ƙamshinsa ba na so. Inna ta ce iska ce. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Na sha, na shafa, ban raina ba, amma har wata uku jiya i yau.

Ƙanwar maigidana ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ba ni lambar wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, don duk wanda ya san unguwar zai gane ni. Abin da na fara ce mata shi ne, "Wato Dawanau za ki kai ni?" Mu nan in aka ambaci ƙwaƙwalwa, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ke faɗo mana a rai, kamar yadda mutanen Kaduna ke da Barnawa, Sakkwatawa ke da Kware. Ta yi dariya, ta ce, "Anti, hira kawai za ku yi."

Matar da na gani ba likita ba ce, ita da kanta ta fara faɗa mini haka. Ilimin halayyar ɗan'adam ta karanta, ba ta rubuta magani, in ta ga da buƙata sai ta tura mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ranar farko ta ɗauko wata takarda mai tambaya goma, wadda aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya a 1987 don masu jego. Duk a kan kwana bakwai da suka wuce ake tambaya: kin iya dariya, kina ɗora wa kanki laifi, tunanin cutar da kanki ya zo miki? Da Turanci take, ita ta riƙa mayar mini da Hausa a hankali. Maki 30 ne gaba ɗaya, yawan makin ke nuna nauyin damuwar, na samu 19. Ta ce wannan ya wuce ɗan ƙuncin da ke zuwa bayan haihuwa ya tafi cikin mako biyu, ciwon damuwa ne. Ta ƙara da cewa a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Sai na kama lissafa matan gidanmu a zuci. Kafin in tafi ta tura ni gwajin jini, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wannan mai kawo maƙoƙo, suna iya kama da ciwon.

Abin da ya fi burge ni, ba ta taɓa zagin rubutun Inna ba. Na tafi a shirye in ji an ce mu jahilai ne. Sai cewa ta yi, "Malama, ki riƙe azkar ɗinki. Mai ciwon suga ma yana addu'a yana kuma kiyaye abincinsa." Nan na saki jiki.

Aikin kansa da littafin rubutu muka yi shi, irin mai shafi 40 da nake ba ɗalibaina. Ta sa na raba shafi gida uku: abin da ya faru, abin da zuciya ta raya mini, da hujjar da nake da ita. Na farko da na rubuta: yarinya ta tsala kuka a gidan suna, zuciya ta ce ni ba uwar kirki ba ce, kowa ya gani. Da aka zo hujja sai na rasa. Yarinya na ƙiba, rigakafinta bai taɓa wucewa ba, kuma jarirai uku ne suka yi kuka a wurin. Da farko abin ya yi mini kama da wasan yara. A mako na uku na kama kaina ina yi a ka, ina tsaye ina wanke-wanke.

Zama na huɗu ta ce in zo da maigida. Da ƙyar ya zo, yana ta duba agogo. Ba ta yi masa wa'azi ba. "Malam, abu ɗaya nake roƙo," in ji ta, "daga sallar isha zuwa sha ɗaya, yarinya na hannunka, ta samu ta runtsa." Wannan barcin na awa uku ya yi mini abin da ban zata ba.

To, ba a rasa nono a ruga, amma ba a rasa ƙuda ba. Kuɗin da nauyi: a lokacin naira 12,000 na riƙa biya kowane zama na minti hamsin, malamar firamare kuwa kun san albashinta. Adashena ne ya tafi. Na biyu, wurin jira ɗaya ne da na masu awon ciki, kuma yarinyar da ke kan tebur ta taɓa ɗaga murya ta ce, "Ina mai ganin ta ƙwaƙwalwa?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi rufa sirrin majiyyaci, amma da alama labarin bai iso teburin nan ba. Na yi ƙorafi, aka ba ni haƙuri, daga ranar da lamba ake kira. Zaman da muka gwada ta waya kuwa asara ce: layi na yankewa, yara na leƙe, maƙwabciya ta shigo aron turmi.

Wadda ke jin muryoyi, ko tunanin cutar da kanta ko jaririnta ya dame ta, kada ta jira irin wannan layi na mako-mako, a kai ta babban asibiti a ranar. Mai irin halina kuwa, zan ba ta lambar, in ce ta roƙi zaman safiyar Asabar, lokacin ba awo.

Ranar ƙarshe an sake yi mini tambayoyin goma, na samu 8. Littafin yana cikin durowar gado, saura shafi tara.