Hattara da mai tallar AirPods a WhatsApp

Jama'a, akwai wani mutum da ke bin zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar AirPods Pro, abin sauraro na kunne mara igiya na kamfanin Apple, wai na asali ne, kayan gwanjo daga Dubai. Ni ya cuce ni, kuma wallahi ba na so ya cuci wani.

Ƙanwata na saya wa, don ta riƙa sauraron karatu. Apple dala 249 ya sa wa wannan kaya, shi kuwa kuɗin da ya faɗa ko kusa bai kai ba, amma bidiyon da ya turo ne ya rufe mini ido. Ya buɗe murfin akwatin kusa da iPhone, nan take hoton AirPods ya bayyana a fuskar wayar har da yawan cajin da ke ciki. Na tura kuɗi, aka sako mini a motar haya.

Ashe wannan hoton ba shaida ba ne. Saƙo ne kawai da akwatin ke aika wa waya ta Bluetooth, kuma masu yin jabu sun daɗe da iya kwaikwayonsa. Lambar da ke jikin kwali ma daga na gaske suke kwafowa, shi ya sa ko ka duba ta a shafin Apple sai ka ga ta fito daidai.

Na asali yakan kai awa 4 da rabi zuwa 8 da caji ɗaya, gwargwadon samfurinsa. Wannan ko awa guda bai yi, kuma na hagu ke riga mutuwa. Bluetooth yakan kai kusan mita 10, amma da ta bar wayar a ɗaki ta fito tsakar gida sai murya ta fara yankewa. Abin toshe hayaniyar da ya sa ake tsadarsa kuwa, ta danna, ya yi ƙara, janaretan maƙwabta na nan cikin kunnenta. Tun 2022, daga manhajar wayar ta iOS 16, iPhone kan yi gargaɗi idan ta kasa tabbatar da AirPods, sai dai wayar da ya yi bidiyon da ita ba ta nuna komai ba.

Na kira shi sau biyu, a na uku ya toshe lambata.

Don Allah kada ku tura kuɗi kafin kaya ya shigo hannunku. Ku sa a kunne a wuri mai hayaniya, ku ajiye waya ku yi taku goma, ku karɓi rasit. Jiya na sake ganin tallarsa da wani sabon suna, amma hoton bai canza ba: farin akwati a kan jar darduma.