Kwalin gwajin maleriya na gaggawa: ina amfaninsa ga mai tundurmi?

A kemis da ƙananan asibitoci da dama za ka ga kwalin gwajin maleriya na gaggawa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira RDT. Daga cikin waɗanda aka sani akwai SD Bioline Malaria Ag P.f da CareStart, kwali ɗaya gwaji 25. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma wannan ɗan kwali shi ya kai gwajin har ƙauyen da babu wutar lantarki. A wurinmu kaya ne mai kyau. Sai dai akwai majinyaci ɗaya da muke so a auna kayan da shi: mutumin da ke ɗauke da maleriya da kuma tsutsar tundurmi a lokaci guda. Irinsa ba baƙo ba ne a Najeriya, domin a Afirka ta Yamma sauro nau'in anofilis shi ke yaɗa cututtukan biyu, a dare ɗaya, a ɗaki ɗaya.

A cikin kowace leda akwai farin faranti na roba mai rami biyu da tagar karatu, sannan a kwalin akwai tsinken huda yatsa, audugar sifirit, ɗan abin ɗiban jini da kwalbar ruwan gwaji. A goge yatsa, a bari ya bushe, a huda gefensa, a ɗibi jini maikurolita 5, wato ɗan ɗigon da abin ɗiban ke ɗauka ba ƙari. A sa a ƙaramin rami, a ɗiga ruwan gwaji a babban rami: ɗigo 4 a SD Bioline, ɗigo 2 a CareStart. Na farko ana karanta shi bayan minti 15, na biyu bayan minti 20. A tagar karatu, layin da ya fito wurin harafin C shi ke nuna gwajin ya yi aiki. Idan layin T ya fito, ko da dishi-dishi ne, akwai maleriya. Idan C bai fito ba, a yar da shi a sake.

Yawancin kuskuren da ake ɗora wa kayan daga hannun mai gwaji yake. Jini ya yi yawa, tagar ta rine ja, layi ya ɓace. An ɗauko ruwan wani kamfani an zuba a farantin wani, ko ruwan ya ƙare an sa na famfo, sai layin ƙarya ya fito. An buɗe leda tun safe, danshin damina ya shige ta. An ajiye kwali a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, alhali SD Bioline bai yarda da zafin da ya wuce digiri 40 ba. Akwai kuma masu komawa su duba faranti bayan awa ɗaya su ce ai ga layi ya fito. Wannan ba sakamako ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abin da farantin ke nema wani sinadari ne, HRP2, wanda ƙwayar maleriya nau'in falsifarum ke zubarwa a jini. Ba ya ganin tsutsar tundurmi ko kaɗan, ba a kuma yi shi don haka ba. Sannan sinadarin yakan zauna a jini mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, bayan an sha magani an warke. Ƙari a kan haka, a garuruwan da sauro ya yi yawa, manya da dama na yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ta kwantar da su ba. Layi biyu na nufin ƙwayar ta shiga jiki. Ba ya rantsuwa cewa ita ce ta kawo zazzaɓin yau.

Mai tundurmi kuwa yana da nasa zazzaɓin. Manyan tsutsotsin na zama a hanyoyin ruwan jiki shekara shida zuwa takwas, suna lalata su, ƙafa ta fara kumbura, ko maraina su tara ruwa a sami gwaiwa. Ƙafar da ruwa ya kwanta mata ba ta iya kare kanta. Ƙwayoyin cuta su shiga ta faso ko ta ruɓewar tsakanin yatsu, sai mutum ya tashi da rawar sanyi, ciwon kai, jiki zafi rau, wani har da amai. Kowa ya gani zai ce maleriya ce. Amma a ɗaga zane ko ƙafar wando: fatar ta yi zafi fiye da ta ɗayar ƙafar, ta ɗaure tana sheƙi, ba ta taɓuwa don ciwo, ga kaluluwa ta fito a matsematsi. Bayan kwana huɗu zuwa bakwai zazzaɓin kan sauka, fata ta yi saɓa. Idan an yi RDT ya nuna layi biyu, aka ba da maganin maleriya kaɗai, sai a zaci maganin ne ya yi aiki. Ƙafar kuwa ta ƙara girma, domin kowane tashi irin wannan yana barin ta fiye da yadda ya same ta. Wannan shi ne abin da ya fi damun mu: gwajin bai yi ƙarya ba, amma ya sa an daina duba mutum.

Abin yi idan layi biyu ya haɗu da ƙafa mai zafi shi ne a yi maganin duka biyun. Na maleriya, atemita da lumefantirin, ƙwaya mai awo 20/120: wanda ya kai kilo 35 zai sha 4 sau biyu a rana har kwana uku, sha na biyu awa 8 bayan na farko, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara don jiki ya karɓe shi. Ƙafar kuma tana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun ma'aikacin lafiya, irin su amoksisilin, da farasitamol, da tsumma mai ruwan sanyi, da hutu. Kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a kai ta wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho. Sabuwar ƙofa ce ake buɗe wa cuta. Idan ta lafa, a dawo ga wanki da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma, a tsane tsakanin yatsu da kyau, a shafa maganin ruɓewa inda fata ta jiƙe, a ɗaga ƙafa lokacin kwanciya, a sa takalmi mai yalwa.

Akwai wurin da farantin ke da rana sosai, wato makon rabon maganin tundurmi gida-gida. Masu rabo na auna tsayi da sanda: santimita 90 zuwa 119 ƙwayar Mectizan 1, 120 zuwa 140 ƙwaya 2, 141 zuwa 158 ƙwaya 3, sama da haka 4, tare da albendazol guda. Ba a ba mai ciki, ko mai jegon da ba ta cika mako ba, ko yaron da bai kai santimita 90 ba, ko wanda ke kwance. Wanda ke da 'ya'yan tsutsa da yawa a jini yakan ji zazzaɓi, ciwon kai da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya zuwa uku, saboda mutuwar 'ya'yan tsutsar bayan shan maganin. A nan RDT ke raba gardama. Layi ɗaya, a ba shi farasitamol a sa masa ido. Layi biyu, a yi maganin maleriya. In ba haka ba sai magana ta bazu cewa maganin gwamnati na sa ciwo, baɗi a ƙi karɓa, alhali sai an yi aƙalla shekara biyar ana sha, kashi 65 cikin ɗari na jama'a ko fiye, kafin yaɗuwar ta tsaya. Jihohin Filato da Nasarawa sun bi wannan hanya tare da Cibiyar Carter ta Amurka, ga gidan sauro mai magani, har aka sanar a 2017 cewa sun kawar da cutar tundurmi a matsayin matsalar lafiyar jama'a.

Wanda ke son a nemo tsutsar kanta, sai ya bar wannan kwali. Akwai nata gwajin, FTS, mai ɗaukar jini maikurolita 75, ba a sa masa ruwa, ana karantawa a minti 10, a kowane lokaci na yini. Amma shirye-shiryen yaƙi da cutar ne ke amfani da shi wajen bincike, ba kasafai ake samun sa a kemis ba. Abin da ya rage shi ne madubin likita, kuma gilashi ɗaya da aka shafa wa jini na iya nuna cututtukan biyu in an bi ƙa'ida. 'Ya'yan tsutsar na ɓuya a jijiyoyin huhu da rana, sai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare suke cika jini, daidai lokacin da sauro ke farauta. Jinin hantsi ba zai nuna su ba. Mai gwaji kuma ya fara zagaye gilashin da ƙaramin idon madubin, mai lamba 10, kafin ya sa mai ya koma mai lamba 100, domin wanda ya zarce kai tsaye neman maleriya zai iya wuce tsutsa tana gefe. Ko an yi duk wannan, masu tsohon kumburi da yawa ba a samun komai a jininsu, tsutsar ta mutu ta bar ɓarnarta, kuma kulawar ƙafa ba ta jiran sakamakon gwaji.

Muna ba da shawarar a sayi kwalin, a duba ranar lalacewarsa, a ajiye shi a inuwa nesa da rufin kwano. A cikin minti 15 ɗin da ake jiran layi, a tambayi majinyaci ko ƙafarsa ko gabansa na kumbura, a sa ya cire takalmi a duba tsakanin yatsunsa. Maza da yawa ba za su ambaci gwaiwa ba sai an keɓe da su an tambaya, kuma tiyata ce ke gyara ta.